Silifas ɗin da Suka Ceci Ɗakin Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, aka fara cike kududdufin bayan gidanmu a Tarauni da shara, wai za a yanka filaye. Ni kaina har da tafi. Damina na sauka kuwa sai ruwa ya fara cin gindin katangar ɗakin mahaifiyata. Ɗakin ƙasa ne, marigayi mahaifina ya gina da hannunsa, ta kuma rantse ba inda za ta.

Abokina da ke karantar yanayin ƙasa a jami'a ya zo ya duba, ya ce, "Ruwan nan ba na unguwarku kaɗai ba ne. Mu bi shi mu ga daga ina yake zuwa." Dabararsa ita ce tsofaffin silifas, tunda ba sa nutsewa. Na tattara na gida kaf a buhu, ashe cikin zumuɗi na haɗa da sabon na Inna.

Ranar da hadari ya haɗo muka hau har unguwar Gyadi-Gyadi. Ruwa na kecewa muka riƙa jefa silifas ɗin a kwatoci ɗaya bayan ɗaya, muna bin su a guje. Ƙato da ni, da gemu, ina tsallen kwalbati ina ihun "ga shi can, ya sha kwana." Mutane a rumfuna suna ta yi mini addu'ar samun sauƙi. Wallahi rabon da in ji daɗi irin na ranar tun ina firamare.

Kusan duka a wuri guda suka tsaya: bakin kududdufin da shara ta toshe, jikin katangarmu. Inna ta leƙo, ta ga nata yana lilo a kan ruwa, ta ce, "Kai ɗan nan, takalmin nawa ma ya san hanyar gida."

Haka muka kwashe su a jiƙe muka zube gaban mai unguwa. Muka yi masa bayanin cewa duk ruwan kududdufin yake nufa, shara ce ta tare shi, sai ya hana zuba shara, aka yi gayya aka yashe bakin. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci kuma, rijiyoyin maƙwabta na nesa suka ƙafe, tamu da ke kusa da kududdufin ba ta ƙafe ba.

Tun daga nan ban sake yi wa kududdufi kallon ƙazanta ba. Inna kuwa a ɗakin nan ta ƙarasa rayuwarta, kuma yanzu a cikinsa nake rubuta muku wannan.