Wandon da Ya Daina Hujewa

Shekara goma sha tara Mai Allura ta yi tana karanta aikin mijinta a jikin wandonsa. A masana'antar da ake tsoma sandunan alminiyam na taga da ƙofa cikin asid su fito suna ƙyalli, shi ne mai kwashe gurɓataccen ruwan da bokiti ya kai kwata. Duk inda ya fantsama sai ya bar huji. Huji uku, ta san an taɓa aiki. Bakwai kuwa, ranar har nama take ƙara masa kafin ta zauna faci.

Kwatsam sai wando ya fara dawowa garau. Sati biyu, ko ɗigo. Ta ɗaga shi a rana, ta shinshina, babu komai sai ƙamshin sabulunta.

"Baban yara, aikin dai lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Inji aka kawo."

"Ƙalau ɗin nan ne bai kwanta min ba."

Ta san halin kayanta: ko rufin ɗaki ya yaye, cewa zai yi iska yake sha. A ranta ta ce an sallame shi ke nan, kunya ce take fitar da shi kullum da safe.

Ranar Talata ta yafa mayafi ta bi sawunsa daga nesa, ta zagaya bayan masana'antar. Kwatar nan mai farar kumfa ta bushe ƙamas, har kaza tana tono a ciki. Ashe ma rufe wurin aka yi!

Tana cikin salati maigadi ya leƙo, ya ji bayaninta, ya danne dariya ya shigar da ita. Ga mutumin nata a kan kujera gaban wasu tankuna, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To, kin gani?" in ji shi. "Ruwan ba ya fita yanzu. A tace shi ya koma wankin sanduna, asid ɗin ma a ware shi a sake amfani da shi. Ni nake lura da mitar nan."

Ta bi tankunan da harara, ɗaya bayan ɗaya.

"Zama kawai?"

"Zama da lura."

Ta matso, ta rage murya kada injin ya ji. "Abin da ya kori bokiti, kana ganin kujera za ta gagare shi? Tashi ka riƙa zagayawa, masu wurin su ga kana motsi."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya waiga ya dubi mitar, wadda tun safe ba ta nemi komai a wurinsa ba. Ya miƙe.