Takardun Majken a Ɗakin Wanki

Shekara talatin da ɗaya Sixten Forsblom ya yi yana sarrafa injin ɗaga kaya a bakin ruwan Södermalm, yana sauke buhunan kofi daga jiragen da ke shigowa Stockholm. Da jiragen kaya suka koma tasha mai nisa da gari, aka sallame su. Abokan aikinsa wasu sun mutu, wasu tsadar unguwar ta kora su. Shi kaɗai ya rage a hawa na huɗu na wani gidan bene, cikin maƙwabta matasa masu sauri, waɗanda in sun ji motsin mutum a matakala sukan jira ya wuce kafin su buɗe ƙofa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, sai dai ba ya faɗa.

Ɗakin wankin gidan ɗaya ne, a ƙarƙashin ƙasa, kowa da lokacinsa a jikin allo. Na Sixten Alhamis da safe, mai bi masa kuwa ita ce Majken Lindroth, tsohuwar malamar makaranta ta hawa na uku, mace mai tsabta har ta yi yawa. Wata rana ya manta bai share ɓurɓushin auduga daga rariyar injin busar da kaya ba. A wannan gari kuwa ba a yi wa mutum faɗa baki da baki. Takardar Majken ya tarar manne a ƙofar ɗakin wankin, da sunansa ɓaro-ɓaro, tana tambayarsa ko a tashar jiragen ma haka yake barin ƙazanta.

Rabon da wani ya kira sunansa har ya manta. Ya ninke takardar ya sa a gwangwanin kofi.

Daga ranar bai ƙara share rariyar ba. Duk Alhamis ya bar ɓurɓushi, duk Juma'a ya sauka ya ɗauki zaginsa yana murmushi. Shekara shida ana haka, gwangwani ya cika, amma ko sau ɗaya tsohon nan bai iya sauka hawa ɗaya ya ƙwanƙwasa mata ba. Kullum sai ya ce mako mai zuwa.

Ranar da ya ga motar kwasar kaya a ƙofar gida, sai ya sauko da sauri. Suka yi kiciɓis da Majken a matakala. Ta ce masa ta sayar da ɗakinta, za ta koma garin Umeå wurin 'yarta.

"Na san da gangan kake yi, Sixten," in ji ta. "Shekara shida ina dafa kofi na mutum biyu ranar Alhamis. Kai dai ba ka da wayo."

Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne ta sauka lafiya.

Alhamis ta zagayo, ya bar ɓurɓushin kamar yadda ya saba. Juma'a ya sauka ya duba. Sababbin maƙwabtan sun share rariyar tas, ba su rubuta komai ba.