Bakina ne, muryar ta wani ce

Fim ne ya kawo ni Bauchi, ba na ɓoyewa. Daga wani ɗan ƙaramin gari na taso a hanyar Dass, inda wasan kwaikwayon makaranta ya kumbura mini kai. Babana ya makance tun ina firamare, don haka bai taɓa ganina a dandali ba, sai dai ya zauna can baya ya kasa kunne. Ranar da zan taho ya ce, "Ni dai in ji muryarka a cikin abin nan kafin ta Allah ta kasance." Abin da na sa a gaba ke nan.

Na kama ɗaki a Yelwa cikin ɗalibai, na shiga wata ƙungiya mai kiran kanta kamfani. Wai kamfani! Kyamara ɗaya ta aro, da fitilar da ke mutuwa duk sanda ta ga dama. Daraktanmu kuwa, Allah ya shirye shi, da baƙin gilashi yake alwala. Haifaffen Tirwun ne, nan gefen Bauchi, har gidansu mun sani, amma ɗan zaman da ya taɓa yi a Kano ya sa yake lanƙwasa harshe kamar a can aka binne cibiyarsa.

Shekaru na yi ina buɗe wa jarumai ƙofa. Na fito a mai gadi, na fito a abokin ango, na fito a gawa, har aka yaba mini wai na iya kwanciya. Duk ba magana ko ɗaya. To me zan kai wa makaho? Gawa?

Can dai aka ba ni direban wani Alhaji, wanda zai taka birki ya juyo ya gaya wa maigidansa gaskiya. A bakin dam ɗin Gubi muka ɗauka, rana tana dukanmu. Na zage na yi maganar nan iya ƙarfina. Darakta ya dafa ni ya ce, "Ka gama da su, mutumina." Ni kuma sakarai na yi ta washe baki.

Da aka saki fim ɗin na ƙi kallo, na ce sai tare da Baba. Na sauke shi a waya na hau mota sai gida. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka kewaye ni, Baba ya matso da kunnensa kusa da hannuna.

A cikin fim ɗin mota ta tsaya. Ga ni na juyo, na buɗe baki. Wallahi muryar da ta fito ban taɓa jinta ba, wata siririya mai santsi. Ashe cire tawa suka yi suka ɗora ta wani mai tallan maganin basir a lasifika. Da na tuhumi darakta daga baya, ko kunya babu ya ce, "Hausarka akwai ƙauye a ciki, ba za ta sayu ba." Ɗan Tirwun ne fa yake gaya mini ƙauye! Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Amma a kan tabarmar nan ban san komai ba tukuna. Maƙwabta sun ga fuskata, sun ji muryar, kowa ya sunkuyar da kai. Baba ya saurari maganar har ƙarshenta yana gyaɗa kai.

"Kai, direban nan ya iya magana," in ji shi. "Allah ya yi masa albarka. Kai fa, ka kusa fitowa?"

Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ya gyara zama, ya ƙara matso da kunnensa.