Ladi Ba A Ka Take Ɗaukar Kaya Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayata Ladi, kuma sai a bana na sake ganin ta tana tafiya. A wayar 'yarta Jummai na gan ta, da kwandon doya a ka. Tun ranar raina yake a ɓace.

Mu Gbagyin Kurudu ne, tun kafin gidajen haya su cinye gonakinmu. Matanmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, domin a wurinmu kai ya riga ya ɗauki nauyin tunani, ba a ƙara masa wani. Ladi ta yi dakon doya da itace har fatar kafaɗarta ta hagu ta yi kauri.

A shekarar da za ta rasu, ɗalibai suka zo daga makarantar koyon fim ta wata babbar jami'a. Tsohuwar makaranta ce, da yawa daga manyan masu shirya fim a can suka fara riƙe kyamara. Sunanta kaɗai ya sa mai unguwa ya tashi da kansa ya raka su gida gida. Suka zaɓi Ladi, suka naɗa mata gammo don ta ɗora kwandon doya a ka su ɗauke ta a fim.

"Oga, mu ba ya ɗauka a kai," ta ce wa shugabansu.

"Mama, kafaɗa tana rufe miki fuska. Sau ɗaya ne kawai."

Ladi ba ta iya kunyata baƙo, sai ta yarda. Kwandon ya yi ta zamewa ana sakewa har rana ta karkata. Ta dawo da wuya a sage, tana dariya, wai masu ilimi sun zo koya mata dako. Da damina zazzaɓi ya ɗauke ta, ko yaye Jummai ba a yi ba.

Mun ji an ce fim ɗin ya ci kyauta a ƙasar waje, amma ba wanda ya kawo mana mu gani. Bana makarantar ta yi bikin tunawa da kafuwarta, ta zuba tsofaffin finafinan ɗalibanta a intanet, na Ladi a sahun gaba, a matsayin shaidar yadda matanmu suke rayuwa. Na wanke ƙafa na je na roƙi a ƙara ko da layi ɗaya na gyara. Wani malami mai fara'a ya ba ni shayi, ya ce fim ɗin ya zama tarihi, da shi ake koyar da sababbin ɗalibai, ba a taɓa shi.

Da Ladi za ta ga wannan, na san dariya za ta yi. Ni na kasa. Gonarta ta zama wurin wankin mota, waɗanda suka san tafiyarta suna ta ƙarewa, kuma Jummai ba ta da wani hoton uwarta sai wannan. Kullum tana kallonsa. Abin da ya rage na Ladi a duniya shi ne yinin nan guda da ba ita ba ce, kuma maganata ba ta kai nauyin sunan makarantar ba.

Makon jiya na hango Jummai tana dawowa daga kasuwar Karu, da gammo, da buhu a ka, ta sandare wuya kamar yadda ta gani a fim.

Na ce, "Sauke ki mayar kafaɗa. Uwarki ba haka take yi ba."

Ko tsayawa ba ta yi ba.

"Kawu, kai a baki kake faɗa. Ni da idona na gan ta."