Jar Saniyar Inna Da Na Sayar A Bazara

A lokacin ina budurwa, sabuwar malama a wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta a Dakoro, mai yawan kallon gajimare da rubuta waƙoƙin da ba mai karantawa. Dukiyata a duniya jar saniya ce guda, wadda Inna ta bar mini kafin ta rasu, tana cikin garken Baba a ƙauyenmu wajen Birnin Lalle. Wata rana hajiyar da ke da lakwal ɗin ta ce mu zaɓa: ko ta sa mu da iyayenmu cikin asusun lafiya da ake kira mitiyel, ko ta ɗora mana kuɗin kan albashi. Da na shawarci Baba, dariya ya yi, ya ce biyan kuɗin ciwo kana da lafiya kiran ciwo ne, kuma asusun makiyayi ƙafa huɗu gare shi. Maganar ta yi mini daɗi kamar baitin waƙa, sai na zaɓi ƙarin albashi.

Ciwon bai tashi zuwa ba sai tsakiyar bazara, shanu sun koma ƙashi da fata. Ƙaba ta murɗe wa Baba, likita ya ce sai an yi masa aiki a Maradi. Duk garken ba mai ƙarfin takawa zuwa kasuwa sai tawa. Dillali ya shafa haƙarƙarinta, ya yi mata tayin wulaƙanci, na sallama. Na saki igiyar ban waiwaya ba, don kada ta dube ni in ga Inna.

Baba ya warke, alhamdu lillahi. Da damina wata ƙawar Inna ta zo daga Tagriss da jar karsana. Ashe Inna ta taɓa ba ta saniyar nan habbanaye, aron da makiyaya ke yi: ka riƙe har ta haifa maka, ka mayar da uwar. Wannan karsanar jikar jar saniyar ce, ta kawo mini aro ni ma. Na dubi Baba na ce, "Baba, ai mitiyel ma habbanaye ne. Ka tallafi wani yau, gobe abin ya dawo ƙofarka."

Ya daɗe yana shafa wuyan karsanar, sannan ya ce, "To 'yar nan, a sa da ni."

'Yan'uwa, dabba asusu ce, ban musa ba, amma ciwo ba ya jiran ciyawa ta fito. In an ba ku irin zaɓin nan, kada daɗin magana ya ɗauke ku yadda ya ɗauke ni. Karsanar tana da ciki yanzu, kullum ina roƙon Allah ta haifi mace ja.