Goggo Falmata da Tiyar Lawali

Damina ashirin da uku ke nan da muka kai Goggo Falmata makwancinta a nan Damagaram, har yau kuma in an ambaci sunanta a unguwar Zango sai ka ga wani tsoho ya taɓe baki. Allah Ya jiƙanta. Ni ɗiyar ƙanenta ce, a hannunta na ƙarasa girma tun shekarar da fari ya koro mu daga ƙauyenmu na wajen Takieta, kuma ban zo yau don in wanke ta ba. Ba ta yi abin da ke buƙatar wanki ba.

Laifinta a wurin mutane shi ne tana tara 'yan mata bayan la'asar a tsakar gidanta, ana tsince ganye, ita kuwa tana yi musu maganar samari ƙiri da muzu. Wane ne mai sonki, wane ne mai son ya mallake ki. Aka ce tana lalata ɗiyan mutane. Aka ce macen da ta fita daga gidan miji har sau biyu me za ta koya wa wata? Ita kuwa takan ce ai shi ya sa, wanda ya faɗa rijiya shi ya san inda bakinta yake.

Ina da shekara goma sha shida lokacin farin nan. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, muna cin dilo, 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Sai ga Lawali. Kyakkyawa ne, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma shi ke riƙe da tiyar awo a wurin rabon jar dawar taimako. Duk Juma'a in ya zo zance, toshinsa tiya guda ce ta dawa. Ba wanda ya tilasta mini shi. Ni ce na so shi, so irin na mai shekara goma sha shida, wanda ba ya ji ba ya gani.

Shi ne ya hana ni zuwa famfo, wai samari na tsayawa a can. Ranar da na gaida wani da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare, ya murɗe mini hannu har awarwarona ya shige cikin fata. Da na nuna wa ƙawayena tabon, hassada suka yi mini. Suka ce, kin ji daɗi, wanda ba ya sonki ai ba ya kishinki. Na yarda da su, har ina ɗaga hannun don a gani.

Goggo ta ga tabon. Ranar rabo da hantsi ta ce in ɗauko mayafi in raka ta. Ba mu shiga layi ba. Ta tsayar da ni a inuwar wani kamyo, babbar motar kaya, inda muke hango Lawali shi ba ya ganinmu, ta ce, "Rakiya, fuskarsa kin gane ta. Yau hannunsa nake so ki kalla."

Na kalla. In budurwa ce ta miƙo ƙwarya, sai ya cika tiya har ta yi tozo, yana murmushi. In tsohuwa ce, sai ya cusa babban yatsansa cikin tiyar, ya shafe bakin da tafin hannu, abin da ya zube ya ture shi da ƙafa bayan buhu. Wata tsohuwar Bafillata da shanunta suka ƙare ta durƙusa tana tsintar ƙwayoyin da suka zube, ya sa gwiwa ya hankaɗe ta, ta faɗi zaune. Bai ko waiwaya ba. A nan na gane daga ina toshina yake fitowa.

A hanyar komawa Goggo ta ce, "Yau ke ce mai tozo. Wata rana ke ce waccan tsohuwar, kuma a ɗakinsa za ki zama ita." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma hana ni shi ba. Gani ya kori ji.

Juma'ar da ta biyo, ni da kaina na mayar masa da dawarsa a ƙofar gida. Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Mun koma kan dilo. Innata ta sayar da tasarta ta ƙarshe, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwar Goggo. Babana ya ce yayarsa ta cire wa iyalinsa loma daga baki, kuma gaskiya ya faɗa. Ni kaina na yi kuka, na kuma tsani Goggo na ɗan lokaci, don yunwa da kewa sun haɗu mini. Matar da Lawali ya aura daga baya tana nan da ranta, mutuniyar kirki ce, saboda haka ba zan faɗi abin da ta gani ba.

Nakan tambayi kaina, da Goggo za ta leƙo yau me za ta ce? Ina jin dariya za ta fara yi. Yanzu ba a hana yarinya zuwa famfo, wayar salularta ake karɓa a bincike. Saurayi ya ce ba ni lambar sirrinki, ki goge wane, kada ki hau kabu-kabun kowa sai na abokina, ita kuwa ta tafi tana yi wa ƙawaye burga wai yana mutuwar sonta. Toshin ya tashi daga dawa ya koma katin waya da atamfa. Halin dai bai motsa ba, zanen dutse ne. Kuma na san za ta yi mana faɗa a kan samarin, don ita har su takan kira, ta ce musu mace ba akuya ba ce da za a ɗaure a turke, wanda yake tsoronka kuma bai fara sonka ba.

Ni ma yanzu ina tara yara a gidana ranar Asabar, mata da hantsi, maza bayan azahar. Watan jiya iyaye maza uku suka yi mini sallama, suka ce in daina, wai ina buɗe wa yara ido. Na ba su ruwa, na saurare su, don girmansu ya kai. Amma ga amsata a nan inda kowa zai karanta. Idon yaranku a buɗe yake tun kafin su san ƙofata. Abin da ba su da shi shi ne babba guda da zai zauna ya gaya musu cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kun koya musu alwala, kun koya musu girki da noma, amma abin da za su kwana su tashi a cikinsa har tsufa kun ce kunya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba zan daina ba.

Goggo ba ta bar gida ba, na haya ne. Ba ta bar zinariya ba, ba ta bar ɗa ba. Asabar ɗin da ta wuce, ɗiyar ɗaya daga cikin mutanen nan uku ta jira har kowa ya watse, ta matso kusa da ni tana murza bakin hijabinta. Ta ce, "Inna, in mutum ya mare ki, sannan ya dawo yana kuka yana rantsuwa, ai so ne ko?"

Na ce mata a'a. Na faɗa da ƙarfi, ina kallon idonta, na kuma maimaita. Wannan a'ar ita ce duk gadon da Goggo Falmata ta bar mini, kuma da yunwa muka saye ta. Babanta yana da ikon hana ta zuwa gidana Asabar mai zuwa. Amma ta riga ta ji.