Sulallan azurfar Inna sun tafi Legas

Ke uwar da 'ya'yanki suka watse cikin birane, ki kiyayi ranar da za su ce ki ɗauki hoton kayan gadonki ki tura musu.

Sulallan azurfa goma sha biyu Innata ta bar mini, irin waɗanda matan Fulani ke hudawa su jera a zare su rataya a wuya. 'Yata Habiba da ke Abuja ta ce rububinsu ake yi a intanet. Na biye mata, na tura mata hotonsu, ta saka a wani shafin saye da sayarwa.

Da suka isa hannun mai saye a Legas, sai ya ce tunda an huda su sun tashi daga kayan tarihi, kuɗin nauyin azurfa kawai zai biya. Masu shafin suka yanki kasonsu. Ga kuɗin aikawa, ga na keke daga Yelwa zuwa tasha har sau biyu. Abin da ya rage ko turmin atamfa bai saya ba.

Na kira Habiba.

"Mama, ki yi haƙuri. Ai dama a kwalla suke kwance, ba amfani kike da su ba."

"Habiba, tunda Babanku ya rasu, kin taɓa tambayata abin da nake yi bayan la'asar?"



Sulallan nan nake fitarwa in goge da toka da lemun tsami, ɗaya bayan ɗaya, har a kira magariba. Yanzu sai dai in zauna ina kallon ƙofa.

Na faɗa wa 'ya'yana duka huɗun: daga yau abin da aka gada a gidan nan ba a ɗaukarsa hoto. Mai son ganinsa ya hau mota ya zo Mubi.